Motar Ta Cika

Zuwa ga Yaya Mutmainna, Lafia.

Bayan gaisuwar girmamawa, ya jikin Baffa? Allah ya ƙara sauƙi. Ni ƙalau nake a Turai.

Abokan karatuna da muke gida ɗaya sun tsara gagarumin shirme: mako guda na tuƙi da tattaki cikin tsaunuka, wai kallon tumaki! Masu digiri, sun duƙufa kan taswira tamkar mayaƙa. Na fayyace musu cewa matan ƙauyen Adogi, can wajenmu, na taka ninkin haka da doya a ka, ba mai ɗaukarsu hoto. Washegari suka ce motar ta cika.

Ko a jikina. Gidan zai yi tsit, in samu natsuwar nazari. Sai dai, Yaya, ki riƙa kirana kullum a makon, ko minti biyu ne.

Ƙaninki,
Baballe