Batirin motar Baba ya daina mutuwa, shi kuma ya daina kirana

Anti, don Allah ki taimake ni da shawara. Na rasa wanda zan faɗa wa damuwata bai yi mini dariya ba, don in an ji ta sama-sama, maganar batirin mota ce kawai.

Ni ce babba a 'ya'yan mahaifina. Shekara talatin ya yi yana koyar da tuƙi, ni ma shi ya koya mini, da faɗa da komai. Da idonsa ya yi rauni likita ya hana shi tuƙi, amma ya rantse motar ba za a sayar ba. Tana nan ƙarƙashin rumfa a tsakar gida, fes da ita. Kin san mota in ta daɗe a ajiye batirinta sauka yake yi, shi ya sa duk Asabar nake zuwa in tada ita. Ina kujerar direba, shi yana gefe kamar lokacin da nake ɗalibarsa, inji na aiki, mu yi minti ashirin ko fiye. A nan yake ba ni labarin ɗalibansa, musamman matar da ta taka totur maimakon birki ta faɗa shagon tela, labarin da na ji ya fi sau hamsin. Mama ta rasu shekara huɗu ke nan, ƙannena kuma duk suna nesa.

Gaskiya na gaji. A ɗakin gwajin jini nake aiki, a tsaye nake yini, Asabar ce kaɗai ranar wankina da hutuna, gidansa kuma tafiyar awa guda ce. Sai wata abokiyar aikina ta ce in sayi ƙaramar sola ta batirin mota. Faranti ne bai wuce tiren shayi ba. Wani mai wayarin, wato mai gyaran lantarkin mota, ya ɗaure shi a saman rumfa inda rana ke bugawa, ya jawo waya zuwa kan batir, ya haɗa da wani ɗan akwati mai koriyar fitila da ke hana caji wuce ƙima. Ranar har da fariyata, na ce wa Baba yanzu ya huta na huta. Ya sa mini albarka kawai.

Zuwan Asabar ya koma na sati bibbiyu, daga nan ya koma sai in ta kama. Rannan ya kira ya ce mota ta ƙi tashi. Na je da mai wayarin, aka tada ita da batirin motata, ya duba sola ya ce lafiyarta lau. Bayan sati uku aka maimaita. Raina ya ɓaci, na ɗauka jabu aka sayar mini, sai wata rana na ɗauko mai wayarin muka je ba tare da na sanar ba. Da muka buɗe bonet sai ga jar wayar solar an cire ta daga kan batir, an naɗe ta tsaf cikin tsumma. Fitilar cikin mota kuma a kunne, da rana tsaka.

Anti, abin da na yi a nan shi ke cin raina. A gaban mai wayarin, wanda shi ma Baba ne ya koya masa tuƙi, na ɗaga murya na ce ashe wasa yake da hankalina, ni ba ni da lokacin wannan yarintar. Bai musa ba. Ya sunkuya yana laluben kan batir saboda idon, ya mayar da wayar da kansa, ya kashe fitila, ya ce in yi haƙuri ba zai sake ba. Mahaifina ne fa ya ba ni haƙuri.

Yau wata biyu. Maƙwabciyarsa ta ce kullum da safe yana taka kujera ya goge farantin. Bai ƙara kirana ba. In na kira, yana lafiya, mota ma tana lafiya, shi ke nan. Kunya ta hana ni zuwa, kuma ina tsoron in wayi gari babu wanda zan ba haƙurin. Mijina ya ce in je in cire solar kawai komai ya koma kamar da. In cire, ko yaya zan yi?

'Yar malamin tuƙi

'Yar'uwa, ba zan yi miki dariya ba, amma ba zan ce ba ki yi laifi ba. Sayen sola ba laifi ba ne, gajiyarki ta gaskiya ce, kuma dabarar Baba ta jawo miki wahala da zargin wanda ya sayar miki da kaya. Sai dai ki duba: mutum mai shekarunsa ya ji nauyin ya ce miki yana kewarki, har ya gwammace ya kashe batirin motar da yake ji da ita. Laifinki shi ne kunyata shi gaban tsohon ɗalibinsa.

Kada ki cire solar. In kin cire, kin mayar da zuwanki aikin dole, kuma zai gane. Ki bar ta tana aikinta. Amma ki sani batir kaɗai take kula da shi. Motar da ba ta motsi tayoyinta na lotsawa a gefe guda, birki na tsatsa, mai na lalacewa a tanki. Tana buƙatar a fita da ita ta yi tafiya ko ta rabin awa ce. Baba ya fi ni da ke sanin wannan, bai dai faɗa ba.

Ki je Asabar ɗin nan, kada ki jira kunya ta wuce, don ba wucewa za ta yi ba. Ki tafi da mai wayarin ya sauko da farantin inda hannu ke kaiwa, hawa kujerar nan da raunin ido ya fi komai tayar mini da hankali. A gabansa kika yi faɗan, to a gabansa za ki ba da haƙuri, a taƙaice, ba tare da kawo uzuri ba. Sannan ki faɗa wa Baba ranakun da za ki iya zuwa, ko sau biyu ne a wata, ki kuma cika. Ƙannenki su ma su riƙa kira.

In mai wayarin ya tafi, ki karɓi makulli, ki buɗe wa Baba ƙofar gefe ku fita. Zai ce kin cika taka birki da ƙarfi, ki ƙyale shi ya gyara miki. In ya yi shiru, ke ki tambaye shi yadda aka ƙare da telan nan.

Allah ya ƙara masa lafiya, ya ba ku Asabar masu yawa.