Tuwon da Auta Ya Daina Ci

Segbana,
bayan sunan gidan Kawu Muhsin.

Zuwa ga Hamsatu, matar ƙanena,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kina lafiya, ke da Raliya da ƙannenta. Mu nan sai godiyar Allah. Na zaɓi takarda ne saboda a nan tsallaken iyaka waya ba ta shiga sai an hau tudun bayan kasuwa, ni kuwa maganata ba ta kan tudu ba ce, mutane na wucewa. Muktar mai babur zai kawo miki.

Hamsatu, me ya sami Auta? Na gan shi a wurin suna, wallahi ban gane shi ba sai da ya yi magana. Bunyaminun da in ya hau babur sai tayar baya ta nemi agaji, yau shi ne rigarsa ta Babbar Sallah ke lilo a jikinsa kamar an rataye ta a ƙusa. Mutum mai injin casar shinkafa a tsakiyar Bagudo, buhu a kan buhu, a ce ya rame haka? Na tambaye shi, ya ce lafiya lau, ya sulale wajen maza.

Ba a nan kaɗai abin ya tsaya ba. Matar Shamsu maƙwabcinku ta ja ni gefe ta gaya mini abin da duk unguwa ta sani. Kwanon gidanku yana fita ciyayya bayan magariba kamar kullum, maza su zauna, kowa ya sa hannu a cikinsa, ban da mai kwanon. Ke ba yarinya ba ce, kin san abin da ake nufi idan namiji ya ɗauke hannunsa daga tuwon matarsa a gaban jama'a. Ruwa ba ya tsami banza.

Ni na goye shi tun yana tsumma, kuma shi kaɗai ne namijin da Baba ya bar mana. Idan saɓani ne ki faɗa mini, harshe da haƙori ma suna saɓawa. Idan kuwa hannunki ne ya mutu a girki, wannan ma ki faɗa, ba a rasa magani. Inna ta riga ta ji a Kurgu, kuma kin san Inna.

Ki gaishe da yara. Ina jiran amsa a hannun wanda ya kawo wannan.

Yayarku,
Rukayya.

Bagudo.

Zuwa ga Yaya Rukayya,

Wa alaikumus salam. Ina gaida Yaya da girmamawa, da Alhaji da mutanen gida duka. Takardarki ta iso, na karanta ta a bakin murhu, kuma ba zan ɓoye miki ba, na yi kuka.

Yaya, babu saɓani tsakanina da Baban Raliya. Ya ce kada in gaya wa kowa abin da zan rubuta yanzu, amma ke ba kowa ba ce, kuma wuyana ya gaji da ɗaukar laifin da ban yi ba.

Tun kafin azumin bara ya je asibiti saboda gwiwoyinsa. Likita ya auna shi ya ce nauyinsa ya yi yawa, kuma ciwon suga yana bakin ƙofa. Ya dawo da sabon tsari. Tuwon shinkafa, fura, burodi, masa, lemon kwalba da shayi mai suga, duk ya ja da baya da su. Tuwon ma idan ya ci, ɗan abin da bai wuce rabin malmala ba ne, shi ma da rana. Abin da zai ba ki mamaki, ba a hana shi maiƙo ba. Da safe ƙwai nake soya masa da man shanu. Nono kuwa ya ce ban da tsala, sai kindirmon da ba a cire wa mai ba, mai kauri. Kifi daga bakin kogi, ganda, gyaɗa, kwaɗon zogale da ƙuli-ƙuli, miyar kuɓewa yana sha da cokali kamar mai jego. Ni ma da farko dariya na yi, na ce yau na ga mai kashe gobara da fetur. Sai ga shi yana cin kaɗan ya ƙoshi, yunwar la'asar ɗin nan da ke sa shi aika yara sayen ƙosai ta tafi, jikin kuma yana ta sauka. Yana komawa asibiti ana duba shi, sun ce ya ci gaba.

Inda gizo ke saƙar shi ne ciyayya. Ya ce ba zai fita da kwanon ganye gaban su Shamsu ba, su ce ya koma akuya. Ya ce kuma ba zai daina fitar da tuwo ba, kada a ce gidansa ya tsiyace. To ni ke tuƙa tuwon, a fitar, ya zauna yana hira yana kallon su suna ci, sannan ya shigo ya ci nasa a ɗaki kamar ɓarawo. Girki biyu nake yi kullum, Yaya, amma a gari ni ce wadda mijinta ya ƙi abincinta.

Shekaranjiya Inna ta aiko da buhun shinkafa. Aka sauke shi a ƙofar gida da hantsi, mata na dawowa daga niƙa. Gidan mai injin casa aka kawo wa shinkafa. Ba ta aiko da ko kalma ɗaya ba, kuma ba ta buƙata, kowa ya fahimta. Na roƙe shi ya yi mata bayani, ya ce in yi haƙuri, zai yi. Na tambaye shi me ya sa abin ya zame masa kamar farilla, sai ya tashi ya fita.

Ki taya ni da addu'a. Raliya tana gaida Gwaggonta.

Ƙanwarki,
Hamsatu.

Segbana.

Auta,

Salamu alaikum. Gaisuwarka gajeriya ce yau, don raina a ɓace yake.

Matarka ta rubuto mini wani labari mai kama da tatsuniya, wai man shanu kake sha don ka rame. Ni dai tun da nake, man shanu amarya ake ɗura wa don ta yi kumatu. Ko dai gaskiya ta faɗa, kai ne ka zama abin da ban sani ba, ko kuma tana rufa wa kanta asiri ne da sunan likita. Ɗaya daga cikinku zai yi mini bayani, kuma kai ne mai gemu.

Idan gaskiya ne, to ba ka kyauta ba. Ƙiba a gidanmu gado ce, Baba haka ya rayu, ni ma ga ni nan ƙofar ɗakina ta san da zamana. Wa ya ce maka abin kunya ce? Kuma ko ka ga dama ka koma kamar sillen kara, wannan ruwanka, amma ka bar 'yar mutane tana shan zagi a kanka saboda kana tsoron dariyar Shamsu? Shamsun da haƙoransa ba su cika goma ba?

Na ji Inna na shirin zuwa Bagudo ta girka maka da hannunta. Ka san abin da hakan zai zama ga Hamsatu. Ka tare ta tun kafin ta hau babur.

Yayarka,
Rukayya.

Bahindi.

Zuwa ga Yaya Rukayya,

Assalamu alaikum. Ina gaida Yaya da fatan alheri. Kin ga daga inda nake rubutu, ina gidanmu.

Inna ta zo ranar Laraba. Na durƙusa na gaishe ta, ta amsa wa Raliya. Ta shiga madafina ta sauke tukunyata daga kan murhu, ta ɗora tata. Ta tuƙa tuwo, ta yi miyar kuka irin wadda yake so tun yana yaro, ta ajiye masa a tsakar gida ta zauna tana kallo. Yaya, ya ci. Ya cinye tas, har da suɗe kwano, don ba zai iya mayar wa mahaifiyarsa da abinci ba, kuma ban ga laifinsa a nan ba. Sai Inna ta juyo ta dube ni ta ce, "To, ga shi ya ci. Ashe ba bakinai na ad da ciwo ba."

Na jira ya yi magana. Ya sunkuyar da kai yana wanke hannu.

Ban yi yaji don in wulaƙanta kowa ba. Na ce masa zan je in ga Babana kwana biyu, ya ce to. Yaran suna gida wurin Inna, don har yanzu tana Bagudo. Ina son mijina, Yaya, kuma na yi murna da ya daina nishi idan zai tashi daga tabarma. Amma ba zan koma gidan da ake ganin ina kashe shi da yunwa ba, alhali ni ce ke tashi da asuba neman kindirmonsa. Babana ya ce ba zai mayar da ni ba sai wani daga gidanku ya zo ya faɗi laifina.

Ki yafe mini idan na faɗi abin da bai dace ba.

Hamsatu.

Bagudo.

Yaya,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki, ina gaida Alhaji. Kin san ni da rubutu ba mu shaƙu ba, ki yi haƙuri da abin da kika gani.

Duk abin da Hamsatu ta gaya miki gaskiya ne. Ba ta da laifi ko na ƙwayar gero. Abu ɗaya ne ba ta sani ba, ke ma ba ki sani ba, Inna ma haka, domin mata ba sa zuwa maƙabarta.

Ranar da muka kai Baba, an ɗauko makara daga ƙofar gida. Na sa kafaɗata, ban kai bakin masallaci ba numfashina ya ɗauke, wani ya karɓe ni. Na bi su a baya ina haki. Da aka isa, liman ya ce ɗansa ya sauka ya karɓe shi. Aka buɗa mini hanya. Yaya, na zo bakin ramin na kasa durƙusawa. Gwiwoyina suka ƙi, kuma kowa yana gani ko na sauka sai an nemi masu ciro ni. Sai Shamsu ya tuɓe takalmansa ya sauka. Shi ya karɓi Baba, shi ya kwantar da shi ya juya fuskarsa gabas. Ni ɗansa guda ɗaya ina tsaye a gefe riƙe da takalman Shamsu.

Ba wanda ya taɓa yi mini gori, Shamsu ma bai taɓa tayar da maganar ba. Shi ya sa ba zan iya zama gabansa da kwanon zogale ba. Ba dariyarsa nake tsoro ba, tsoro nake ya gane dalili ya tausaya mini.

Inna ta tsufa. Allah ya ƙara mata kwana masu albarka, kuma ban san wa zai riga wani ba. Amma idan ni ne a baya, ba na son in sake tsayawa a gefe. To ta yaya zan dubi Inna in ce mata ga abin da ya sa na bar tuwo? Shi ya sa na yi shiru ranar Laraba, shirun kuma ya faɗa kan Hamsatu. Tun da ta tafi gidan ya yi mini faɗi.

Yanzu ina yin sujada ba tare da na dafa bango ba. Ran Juma'a da ƙafa na je gona na dawo.

Jiya na fita ciyayya da kwanona na gaskiya, kifi da kwaɗon da Raliya ta haɗa. Na ce musu likita ne ya sa ni, kuma mai ɗakina ce ta tsaya mini tun farko. Shamsu ya ɗanɗana, ya ce gishiri ya yi kaɗan, suka cinye mini rabi. Gobe zan je Bahindi wurin surukina. Amma Hamsatu ba zuwana take jira ba, bakin Inna take jira, wannan kuwa ya fi ƙarfina.

Don Allah kada ki gaya wa Inna maganar maƙabarta.

Ƙanenki,
Bunyaminu.

Bagudo.

Zuwa ga Hamsatu, ƙanwata,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki, ina gaida Baba da mutanen Bahindi. Na tsallako jiya, ina gidanki.

Ki yafe mini takardata ta farko. Na sa ta mijinki a cikin wannan, ki karanta ki san abin da kike ta yi wa hidima ba ki sani ba. Ya ce kada in gaya wa Inna, ni kuwa na karanta mata ita daga sallama har sa hannu, don ban taɓa jin maganar Auta ba, ba yau zan fara ba.

Ta yi ta murza bakin zanenta. Sannan ta sa aka fitar da buhun shinkafar nan nata daga gidan. Da hantsin yau, mata na dawowa daga niƙa, ta zauna da kanta a ƙofar gida da ƙwaryar man shanu a cinya, duk wadda ta gaishe ta sai ta ce ta Hamsatu ce, ita ta san yadda ake girka wa ɗanta. Gobe ni da ita za mu zo mu ɗauke ki. Ki shirya, kuma ki koya mini kwaɗon nan, gwiwoyina ni ma sun fara ƙara.

Da Auta ya shigo da azahar ya durƙusa ya gaida Inna, har ƙasa, bai dafa komai ba. Ta dube shi ta ce, "Na ji saƙonka. Ka yi abinka sannu a hankali, ni ba sauri nikai ba."

Sai mun iso.

Yayarki,
Rukayya.