Hannuna Kawai Ya Fito

Yaya Usman,

Assalamu alaikum. Ina gajiya, ya aiki, ya ruwan Fatakwal? Ya Anti Rabi da yara? Mu nan Kontagora lafiya lau, Inna ma ƙafar ta yi sauƙi.

Autanmu Bala zai tafi Jamus, taron masana kimiyya masu binciken camfi. Ka tuna rijiyar Rijau da aka ce aljanu ke shaƙe masu yasarta? Ni na ce iskar numfashi ce babu a ƙasan. Ni na zura fitila da igiya, ta mutu kowa yana gani. Shi kuwa Bala ya tsaya gaban waya ana ɗaukar bidiyo yana zuba Turanci. A bidiyon hannuna kawai ya fito. Shi aka gayyata.

Na yi masa murna a baki, amma wallahi ba ta kai zuci ba. Wai mai yaƙi da camfi, jiya Inna tana ɗinke masa laya a hula bai ce uffan ba! Har babbar rigata ta sallah ya ara.

Ka gaida mutan gida. Ka sa ni a addu'a, Allah ya yaye min wannan ƙyashi. Ko ba komai, rigata za ta ga Jamus.

Ƙaninka,
Haruna