Biskit Mai Shuɗiyar Leda

Litinin, 3 ga Maris

Wata biyar ke nan da kaska ta cije ni. Tun daga ranar jikina ya daina karɓar naman duk wata dabba mai shayarwa, har kitsenta, har abin da likita ta kira jelatin. Auta ta bugo waya. Ta ce, "Baba, in aka sake kwasarka zuwa asibiti, wallahi gidana za ka dawo." Na ce ɗakin da uwarki ta cika a ciki ba na barinsa.

Alhamis, 6 ga Maris

Shago. Awa guda a tsaye da gilashin ƙara girman rubutu, ina bin rubutun bayan ledojin biskit layi-layi. Shekara talatin da huɗu ina duba kurakurai a maɗaba'a, ko ɗigo bai taɓa wuce ni ba, yau ga ni haruffa suna yi mini rawa. Mai shago ta ce, "Baba, saye za ka yi ko jarrabawa za ka ba biskit ɗin? Kawo in karanta maka." Na ce ban makance ba tukuna. Uku suka tsira cikin goma sha ɗaya. Na rubuta sunayensu a ɗan littafina don kada in sake wannan tsayuwar.

Asabar, 8 ga Maris

Shayi da biskit mai shuɗiyar leda, ɗaya daga cikin ukun. Ban yi magana da kowa ba.

Laraba, 19 ga Maris

Jiya da hantsi na ci guda huɗu daga sabuwar leda. Da la'asar borin jini ya feso mini, leɓe ya kumbura, maƙogwaro ya fara shaƙewa. Na caka allurar gaggawa da likita ta ba ni a cinya. Likita ta ce duk ranar da na yi allurar in tafi asibiti. Ban je ba. Na zauna bakin gado ina kallon takalman marigayiya.

Yau na ciro ledar daga kwandon shara. Launi ɗaya, suna ɗaya, amma a layi na biyar an ƙara kitsen shanu. Sabon bugu ne, ban duba ba. Ni da na kori yara biyu daga aiki saboda sun amince da tsohon bugu.

Juma'a, 21 ga Maris

Auta ta ce muryata ta canza. Na ce mura ce.

Lahadi, 23 ga Maris

Na miƙa wa mai shago leda ta karanta. Ba ta yi tsiya ba, a hankali ta karanta, har sau biyu. Da ma tsiyar ta yi.

Da na dawo na sauko da akwatin tafiya daga kan kabad. Ba gidan Auta za ni ba, ƙura kawai zan goge. Takalman marigayiya sun shiga daidai a gefe, na gwada ne kawai.