Kwamfutar Marigayi Tana Gaishe Shi

Hayin Banki, Kaduna.
Sha'aban, 1997.

Zuwa ga ƙanena Muhammadu,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya, kai da iyali, a can Fatakwal. Allah Ya ƙara rufa asiri. Mu nan alhamdu lillahi. Na fita takaba lafiya, ciwon ƙafar Inna kuma ya yi sauƙi.

Dalilin wasiƙar nan shi ne kwamfutar shagon magani na Babbar Kasuwa, wadda ka rubuta wa marigayi Malam tsarin kula da kaya a cikinta. Ka san tun rasuwarsa autata Saratu ke riƙe da shagon. To, kullum ta kunna, sai allon ya yi gaisuwar safe, ya kira sunan mahaifinta tsurarsa, sunan da ni ban taɓa furtawa ba, ba kuma zan rubuta a nan ba. Rubutun manya-manya ne, kamar yadda ya mayar da shi da idonsa ya raunana. Rana na yin tsaka sai ta yi ƙara, ta rubuta wai lokacin shan maganinsa ya yi. Saratu takan ƙanƙanta rubutun ta sa nata sunan, washegari komai ya koma yadda ya bari. Maƙwabtan shago sun fara magana ƙasa-ƙasa, wasu masu saye ma sun daina tsallako ƙofa.

Mun kira Yohanna mai gyara. Ya goge tsarin kaf, ya sake saka shi daga faifan da ka bari. Saratu na tsaye ya kunna, sai ga gaisuwar nan, da sunan nan. Ta ce shi kansa sai da ya ja kujera baya. Tun ranar ba ta sake shiga shagon ba. Ba ta cin abincin kirki, tana cewa Baba bai yarda ta zauna a wurinsa ba. Ka kuwa san da shagon nan muke ci.

Na sani sarai mamaci ba ya dawowa. Yohanna ma ya ce ba wani abu ba ne, cikin na'urar ɗakuna-ɗakuna ne. Wai tsarin yana ɗaki guda, amma abin da mai aiki ya zaɓa wa kansa, da bayanan magunguna da ranakun lalacewarsu, ka haɗa su ka ajiye a wani lungu cikin kayan na'urar kanta, ba suna, ba alama, daga can take ɗebo su kowace safiya. Ya ce ba zai taɓa wurin nan da ka ba, sai ya san kansa. In ya share duka, sunan zai tafi, amma bayanan ma za su bi shi. Ni kuwa ina tsoron Allah a sayar wa wani maganin da ya lalace.

Kada ka ɗauka faɗa nake, Muhammadu. Amma a makarantarmu ta allo kowa da allonsa, kowa ya san inda yake jingine shi, in an wanke na wani ba a taɓa na wani. Don Allah ka rubuto wa Yohanna inda ka ajiye su, da yadda zai raba: kayan shago a ɗaki mai suna, na Saratu a nata. Na Malam kuma a kwashe mini a faifai kafin a wanke. Ban san ko daidai ne in riƙe ba, zan tambayi malamai.

Kafin amsarka ta zo, ni ke zama a shagon, Saratu ta nuna mini a takarda abin da zan danna. Shekaranjiya Alhamis da la'asar, kasuwa ta yi shiru, sai na ji ƙarar. Na zaci ta magani ce. Da na matsa na haɗa baƙaƙen a hankali, sai na ga an rubuta a biya ta Unguwar Shanu a sayo wa Turai gurasa. Duk Alhamis Malam yakan shigo mini da ita, ban taɓa tambayar yadda ba ya mantawa ba. Na waiga, ba kowa a shagon sai ni. Na yi masa addu'a, na rufe, na biya na sayo. Mai gurasar bai tambaye ni guda nawa ba. Ban faɗa wa Saratu ba.

Ka gaida Uwani da yara, da Baffa Shehu in kun haɗu. Inna da Yalwa suna gaishe ka. Ka hanzarta, don Allah, Alhamis ba ta da nisa.

Wassalam. Yayarka,
Turai.