Magani cikin man shanu

Inno,

Gaisuwa mai yawa daga Alƙahira. Ya jikin Juwairiyya? Ni lafiya lau, sabulun ɗakin gwaji ne kawai ya tsattsage min hannu.

Wai Kawu Basharu ya ce in dawo Kalgo tunda wankin kwalabe nake. Shi me ya taɓa wankewa? Jiya aka bar ni na leƙa madubin likita, mai nuna abin da ido ba ya iya gani. Masu binciken sun naɗe ƙwayar halitta, irin wadda ɗa ke gada daga iyaye, cikin ɗigon mai, yadda kike ɓoye wa Juwairiyya magani cikin man shanu, ƙwayoyin jikin mutum da suke reno a faranti suka haɗiye, suka kama haske kore. Inno, sai da na yi tasbihi!

Malamarmu ta ce da irin wannan aiki ake neman maganin sikila, ciwon da ke damun Juwairiyya. Ba zan dawo ba sai na iya. Ki sa min albarka.

Ɗanki,
Tajuddin