Mashin mai birki a hagu

Daren Talata, Tambuwal

Barci ya ƙi zuwa. Yau na kai mashin ɗina Kebbe, da ma ban je ba.

Tun da na saye shi na hannu a kasuwa yake ba ni mamaki. Birkin ƙafa a hagu yake, giya kuma da hannu ake sa ta. Da sandar birkin ta karye, bakaniken unguwarmu ya ce bai taɓa ganin irinta ba, sai dai in nemi wanda ya haɗa shi. Aka kwatanta mini Malam Buba mai walda a Kebbe.

Ko gaisuwata bai gama amsawa ba ya durƙusa yana shafa waldar.

"Malam, ina ka samo wanga mashin?"

Na gaya masa.

"Ni na haɗa shi, don Sani ɗan ƙanena. Ƙafarsa ta dama ta shanye, shi ya sa na maida mishi birki hagu. Da damina 'yan bindiga sunka tare shi a daji. Har yau ba shi, ba labari."

Na rantse ban sani ba. Ya ce ya yarda. Ya gyara sandar, ya sa wa sarƙa mai. Na so in bar masa shi, amma da me zan je makarantar da nake koyarwa gobe?

Zan tafi ya ce, "Alfarma ɗaya nika roƙo. Kada ka tada shi nan. Gidan uwar Sani na bayan shagon ga, kuma ta san kukan mashin ɗin."

Da hannu na tura shi har bayan gari.